Yadda Ake Zaɓen Waya da Tsara Launukanta a Jirgin Ruwa

Sana'ata haɗa wuta ce, kuma yawancin jiragen da ke zuwa hannuna na katako ne masu inji a baya, irin waɗanda ke jigilar mutane da buhunan albasa da shinkafa tsakanin Yawuri da garuruwan bakin tafkin Kainji, sai jefi-jefi jirgin faiba na wani mai hali. A da, wutar da ke cikin irin waɗannan jirage ba ta wuce tocilan a hannun yaron jirgi ba. Yanzu kowa yana son babbar fitila a goshi, da famfon kwarfe ruwa, da wurin cajin waya don fasinja, wasu har da falen sola a kan rumfa da inbata a ƙarƙashin benci. Wanda ake kira ya haɗa kuwa, ko dai mai wayarin ɗin gida ne, ko kuma rewaya na mota. Dukansu sun iya aikinsu, amma gida ba ya girgiza, mota kuma ba ta kwana cikin ruwa. Idan gobara ta tashi a ɗaki, ƙofa za ka nema. Idan ta tashi a tsakiyar tafki, da jarkokin fetur a gefe da mata da yara a ciki, babu inda za a gudu. Shi ya sa nake son in shimfiɗa wa 'yan'uwana masu sana'a da masu jirage yadda ake wannan aiki tun daga shagon mai waya.

Irin wayar da za ka saya

Wayar gida mai sili ɗaya, wadda ake zurawa cikin bango, ba ta da gurbi a jirgi ko kaɗan. Inji yana kaɗa jirgi daga tashi har isa, igiyar ruwa tana dukansa, katako yana motsi. Jan ƙarfe mai sili ɗaya idan aka yi ta lanƙwasa shi sai ya taurare ya karye, kuma a cikin roba yake karyewa inda ido ba ya gani. Fitila ta kama yau, gobe ta ƙi, ka taɓa wayar ta dawo. A daidai wurin karayar nan wuta ke tartsatsi. Waya mai silille da yawa, sirara kamar gashi, ita ce ta jirgi, domin tana bin motsi ba ta gajiya da wuri.

Sai kuma batun laima. Ka samu tsohuwar waya a jirgi ka fere ta, za ka ga jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Ka ƙara ferewa taƙi guda gaba, har yanzu baƙi ne. Ruwa yana shiga ta bakin waya ya bi tsakanin silillan yana hawa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, yana cin ƙarfen a hankali. Wayar da ta yi haka ba ta karɓar dalma, ba ta riƙe matsi da kyau, kuma tana ɗumi idan an ɗora mata kaya. Wannan ne dalilin da masu ƙera wayar jirgi suke yi wa kowane sili rufin kuza. Irin wannan waya idan ka fere ta fara ce kamar azurfa, amma in ka kankare da reza sai jan ya fito. A Amurka ana buga mata lamba UL 1426 a jikin roba, kuma robar tana jure zafi har digiri 105 a busasshen wuri, tana kuma jure mai. Ruwanmu na Neja ba na gishiri ba ne, don haka ɓarnar ba ta sauri kamar a Legas ko Fatakwal, amma tana nan tafe, musamman da damina.

A nan sai ka buɗe ido, domin akwai wata waya a kasuwa da ta zama kishiyar wannan: waje ja, ciki fari. Goran ruwa ne aka yi masa fatar jan ƙarfe. Da yawa daga cikin wayoyin nan masu ja da baƙi a manne, da ake sayarwa a nannaɗe da araha, irinta ce. Goran ruwa ba ya ɗaukar wuta sai kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, kuma da ya haɗu da laima sai ya zama gari. Gwajin ba wuya. Ka fere ɗan yatsa guda a gaban mai shago, ka kankare sili ɗaya. Sannan ka kunna layita ka kanga wa silillan: na jan ƙarfe za su yi ja su tsaya yadda suke, na goran ruwa za su murɗe su langaɓe. Ko a hannu ma, nannaɗin ya fi sauƙin nauyi. Araha ba ta ado.

Na san wayar jirgi ta asali ba kowane gari ake samunta ba, kuma tana da tsada. Abin da na fi amfani da shi idan ba ta samu ba shi ne wayar sola ta gaske, mai kaurin 4 ko 6 a lambar kauri ta masu shago (murabba'in milimita), wadda ake jawowa daga fale zuwa kwantirola. Ita ma silille ce, mai rufin kuza, robarta ninki biyu, kuma an yi ta ne don zama cikin rana. Tunda sola ta shiga ko'ina a Arewa, ba ta wuyar samu. Sai dai ka nisanta ta da inda fetur da baƙin mai ke zuba, ko ka zura ta cikin bututu a wannan wuri. Idan wayar mota ce mai silille kawai ka samu, za ta yi aiki, amma ka toshe bakunanta sosai kuma ka san za a canza ta da wuri.

Kauri: a nan aka fi yin asara

Mai wayarin ɗin gida ya saba da cewa 1.5 na fitila ne, 2.5 na soket. A wutar gida mai bolt 230, idan bolt biyu suka ɓace a hanya babu wanda zai sani. A batir mai bolt 12, bolt biyu kashi ɗaya ne cikin shida na duk abin da kake da shi. Saboda haka a jirgi tsawon waya yana da nauyi daidai da girman kayan da za ta ɗauka.

Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda aka kafa a 1954 don tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa, ta sa iyaka biyu a kundinta na wuta mai lamba E-11. Kayan da rai ya dogara a kansu, irin su fitilun tafiya da na'urorin sadarwa da babban layin da ke kai wuta allon makunnai, kada abin da ke ɓacewa a hanya ya wuce kashi 3 cikin 100. A bolt 12, wannan 0.36 ke nan. Sauran kaya, irin su fitilar cikin rumfa, an yarda har kashi 10, wato 1.2. Ni famfon kwarfe ruwa da babbar fitilar goshi ina sa su a rukunin farko, domin na san ranar da ake neman su.

Lissafin kansa da kalkuletar wayarka za ka yi shi. Da farko ka san amfiya nawa kayan ke ja. Idan wat aka rubuta, ka raba da 12. Sannan ka auna tsawon hanyar da wayar za ta bi da tef, ba a miƙe ba, a'a, yadda za ta bi gefen jirgi ta hau ta sauka. Ka ninka shi biyu, domin wuta zuwa take ta dawo, kuma wannan ninkin shi mutane suka fi mantawa. Sai ka ɗauki 0.0175, wadda ita ce tsayayyar lambar jan ƙarfe a wannan lissafi, ka ninka da amfiya, ka ninka da mitocin zuwa da dawowa, ka raba da 0.36 ko 1.2. Abin da ya fito shi ne kaurin waya da irin lambar da masu shago suka sani. Kullum ka hau zuwa lamba ta gaba, kada ka sauka.

Ga misali daga jirgin fasinja. Batir yana baya kusa da matuƙi, fitila mai wat 100 tana goshi, tsakaninsu mita 12. Fitilar tana jan amfiya 8.3, hanya kuma mita 24 ce zuwa da dawowa. Lissafi ya ba da 9.7, ke nan waya mai kaurin 10 ake bukata. Mai jirgi yakan zaro ido idan na faɗa masa haka. To, mu ga abin da zai faru idan aka sa 1.5 kamar yadda aka saba: kusan bolt 2.3 za su ƙare a cikin wayar, su zama zafi. Fitilar ta yi ja-ja, a ce batir ne ya mutu, a sayo sabo, matsala tana nan. Mafita mai sauƙi ita ce a rage kayan. A sa fitilar LED mai wat 30, amfiya ta koma 2.5, lissafi ya ba da 2.9, wayar 4 ta wadatar. Kuɗin da za a kashe a kan waya mai kauri ya sayi fitilar har da canji.

Famfo mai jan amfiya 5 da ke mita 4 daga batir, lissafinsa 1.9 ne, sai a sa 2.5. Famfo ba ya son ƙarancin wuta: motarsa tana tafiya a hankali, ruwan da yake fitarwa ya ragu, ita kuma ta yi zafi. Inbata mai wat 1000 kuwa tana iya jan amfiya 90 zuwa 100 daga batir, don haka wurinta kusa da batir, da kebur mai kaurin 25 ko 35, gajere. Keburan kik na inji, ka bi abin da littafin injin ya ce, kuma in ka ƙara musu tsawo sai ka ƙara musu kauri.

Ko da lissafi ya nuna siririya za ta isa, kada ka sauka ƙasa da 1.5, saboda ƙarfin jiki. Ƙa'idar Amurka ma mafi ƙanƙantar da ta yarda a ja ita kaɗai ita ce lamba 16 a ma'auninsu na AWG, kusan 1.3 a namu. Ma'aunin nasu a juye yake, lamba tana raguwa waya tana kauri: 14 kusan 2.1 ce, 12 kusan 3.3, 10 kusan 5.3, 8 kusan 8.4. Ka riƙe wannan don kayan da ake shigowa da su. Wayar da ta bi kusa da inji, ko wadda aka ɗaure cikin dami da wasu, ba ta samun iskar hucewa, ita ma a ƙara mata mataki ɗaya.

Fiyus don waya ake sa shi, ba don fitila ba. Batirin mota idan ja da baƙi suka haɗu yana iya tura ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi jawur, robar ta kama. Duk tazarar da ke tsakanin kan batir da fiyus ba ta da mai tsaro, shi ya sa ƙa'ida ta ce a sa shi cikin inci 7 daga inda aka ɗauko wuta, wato kusan santimita 18. Layin kik an ɗauke masa wannan. Girman fiyus ya ɗan ɗara abin da kayan ke ja, amma kada ya kai abin da zai ƙona wayar. Kowane layi da nasa. Kuma don Allah, fiyus idan ya tsinke magana yake yi maka. Wanda ya naɗa masa silin waya ko takardar sigari ya toshe bakin mai gargaɗi ne kawai. Ka ajiye na canji a cikin ƙaramar roba mai murfi, ka ɗaure kusa da allon.

Launi

Amfanin launi ba ya bayyana ranar da aka gama aiki. Yana bayyana ne da daddare, ana ruwa, famfo ya tsaya, yaron jirgi yana haska tocilan cikin damin wayoyi, ni kuma ina gida. Idan duka baƙaƙe ne, ko kowacce da launin da ya samu a shago, sai dai ya yi ta yanka yana gwadawa.

Tsarin ABYC shi ne wanda ya fi yaɗuwa, kuma jiragen faiba da aka shigo da su daga Amurka da shi suke zuwa. Ja shi ne babban layin fozitib daga batir. Negatib baƙi ne ko rawaya. Kore, ko kore mai ratsin rawaya, na at ne kaɗai, wanda ke haɗa jikin ƙarafa don kariya, ba a taɓa ɗora masa kaya. Waɗannan uku su ne ginshiƙi. Daga nan sai layukan da ke fita daga makunni zuwa kaya: ruwan toka mai duhu na fitilun tafiya ne da agogon juyin inji, shuɗi mai duhu na fitilun ciki da hasken agoguna, ruwan ƙasa na famfuna, ruwan lemo na ƙananan kayan da aka ƙara, shunayya na wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli. Rawaya mai ratsin ja ita ke tafiya daga makulli zuwa kik. Na agoguna kuma, ruwan hoda na ma'aunin tankin mai ne, ruwan bula na ƙarfin baƙin mai, ruwan ƙasa mai haske na zafin ruwan inji. Masu injin da ke ɗagawa da wuta, shuɗi mai ratsi na ɗagawa ne, kore mai ratsi na saukewa.

Me ya kawo rawaya a negatib alhali duniya ta saba da baƙi? A wutar gidan Amurka, baƙar waya ita ce mai kisa. Jirgin da ke da batir kuma yana da wutar janareta, sai ga baƙaƙe biyu, ɗaya za ka iya riƙe ta da haƙori, ɗaya ta kashe ka. Don raba su aka fifita rawaya. Dalili ne mai kyau, amma na ƙasarsu ne, kuma a nan nake son ka tsaya ka yi tunani, domin mu a nan tsari uku ne ke karo a jirgi ɗaya.

Na farko injin. Mafi yawan injinan da ke kan ruwanmu Yamaha ne, kuma Yamaha ba ta bin launukan Amurka. A damin wayar makullinta, ja na batir ne, baƙi negatib, amma ruwan ƙasa shi ne na kik, fari na kashe inji, rawaya kuma wuta ce mai rai da zarar an murɗa makulli. Ka ga inda haɗarin yake. Wanda ya karanta cewa rawaya negatib ce, ya zo ya ga rawaya a bayan makullin Yamaha ya haɗa ta da baƙi, ya haɗa ja da baƙi ke nan. An taɓa kawo mini jirgi da damin makullin ya narke ya manne wuri ɗaya saboda irin wannan haɗi, fiyus ɗin injin kuma an riga an naɗe shi da sili. Injin Mercury kuwa ya fi kusa da tsarin Amurka. Kowane inji dai, ka duba zanen da ke littafinsa, sannan ka tabbatar da mita kafin ka yanka.

Na biyu wutar gida. Sabon tsarin da ke kan filas mai uku, wato kebur mai waya uku cikin riga ɗaya, shi ne ruwan ƙasa na layif, shuɗi na nitiral, kore da rawaya na at. Waɗannan launuka biyu na farko kuwa su ne tsarin Amurka ya ba famfo da fitilar ciki. Ƙa'idar ISO ta ƙananan jirage, wadda Turai ke bi, saboda haka ta ce a guji ruwan ƙasa da fari da ruwan bula a layin batir idan jirgin yana da wutar gida, sai in an raba su a fili. Na uku, kuma mafi muni, tsohon tsarin Ingila da har yau ya cika gidajenmu da shagunanmu: ja layif, baƙi nitiral. Launi ɗaya sak da na batir. Idan aka ja wutar inbata da ja da baƙi zuwa soket ɗin caji, to an dasa tarko, wata rana wani zai ɗauka bolt 12 ce ya kama da jiƙaƙƙen hannu, ƙafarsa cikin ruwa.

Ga abin da na tsaya a kai, kuma shi nake ba da shawara a jiragenmu. Layin batir: ja fozitib, baƙi negatib, rawaya a bar wa injin kayarsa. Wutar inbata ko janareta: filas mai uku a cikin rigarsa, ruwan ƙasa da shuɗi da kore-rawaya, ba a taɓa jan ta da ja da baƙi, tana bin gefe ɗaya na jirgi cikin bututunta, layin batir yana bin ɗaya gefen. A sa mata bireka mai gane yoyon wuta, mai yankewa a miliamfiya 30. Wannan ba ƙawa ba ce. Wutar gida idan ta yi yoyo cikin ruwan daɗi ta fi haɗari ga mai iyo fiye da a teku, domin jikin mutum ya fi ruwan daɗi sauƙin bi, sai ta zaɓe shi. Ka tuna yaran da ke wanka a gefen jirage a kowace mashaya. Idan kuwa jirgin faiba ne da ya zo da rawayar negatib tun daga kamfani, kada ka canza masa, ka ci gaba da abin da ka tarar, ka rubuta a allon.

Gaskiya ita ce launuka goma sha ba za su samu a garuruwanmu ba. Ba laifi. Da ja da baƙi kaɗai ana iya yin aiki mai tsabta idan aka yi wa kowace waya alama a bakinta biyu. Ina sa ɗan zoben robar nan mai tsukewa da zafi, mai launin da ya dace: ruwan toka a layin fitilar tafiya, ruwan lemo a layin caji. Sannan lamba. Ina rubuta ta a farar takarda da alƙalamin da ba ya gogewa, in rufe da roba mai tsukewa marar launi. Lamba 3 a wajen fiyus, lamba 3 a wajen famfo. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin rana tana kodar da ja ya koma fari-fari, kuma a hasken tocilan ja da ruwan ƙasa sukan rikita ido. Idan kebur baƙi kawai ka samu don fozitib ɗin batir, ka sa masa jar roba mai tsawon yatsa a kowane baki. Baƙin salatif da jan salatif ba sa daɗewa, zafi yana narkar da gam ɗinsu su warware.

Kada kuma a rikita launin waya da launin fitila. Dokar tafiya a ruwa ta duniya, ta 1972, ta ce jar fitila a hagun jirgi, koriya a dama, fara a baya, idan kana fuskantar goshi. Amma wayar da ke kai musu wuta duka iri ɗaya ce. Na sha ganin an ja koriyar waya zuwa koriyar fitila don a gane ta. Niyyar mai kyau ce, sai dai an ɗora wuta a kan launin da kowa ya ɗauka na at ne.

Idan ka gama, ka zana jirgin a takarda, ka nuna batir da fiyus da kowane layi da lambarsa da kaurinsa. A kai shagon masu hoto a rufe ta da leda, a buga a cikin murfin akwatin fiyus. Matuƙi ya ɗauki hotonta a wayarsa.

Haɗi da shimfiɗa

Waya ba ta cika mutuwa a tsakiya ba, a mahaɗa take mutuwa. Murɗa biyu a naɗe da salatif, wanda shi ne abin da aka fi yi, ba ya shekara a jirgi. Dalma ita kaɗai ma ba ta isa ba: tana mayar da silille sanda, wayar ta karye a daidai inda dalmar ta tsaya, kuma idan wurin ya yi zafi sai ta narke ta saki. Abin yi shi ne kan waya mai zobe da ake matsewa. Launin robarsu yana nuna girma: ja na 0.5 zuwa 1.5, shuɗi na 1.5 zuwa 2.5, rawaya na 4 zuwa 6. Ka sayi abin matsewa na gaske, mai ƙin buɗewa sai ya kai ƙarshe, filaya tana lotsa shi ne kawai. Ka fere daidai zurfin kan ba tare da ka yanke sili ko ɗaya ba, ka matse, sannan ka ja da ƙarfi. Wanda ya zare a hannunka gara yanzu. Ka rufe da roba mai tsukewa wadda ke da gam a ciki, ka hura mata zafi har gam ɗin ya ɗan leƙo ta baki. Wannan leƙowar ita ce shaidar ruwa ba zai shiga ba. Mai zobe ya fi mai baki buɗe, domin ko noti ya saki ba zai fice ba. Kada ka tara fiye da huɗu a kan ƙusa ɗaya, kuma mafi kauri shi ne a ƙasa.

Kowane kaya da wayarsa ta dawowa har zuwa sandar negatib guda ɗaya kusa da batir. A mota jikin ƙarfe ne ke dawo da wuta, a jirgi haramun ne. Jirgin ƙarfe ko na goran ruwa da aka mayar da jikinsa hanyar wuta, wutar tana cin ƙarfen ta inda take fita zuwa ruwa, har ya huje. Tana iya cin farfela da ƙafar inji ma.

Wayoyi su bi sama, ƙarƙashin leɓen jirgi, ba ƙasa inda ruwa ke taruwa ana taka su da buhuna ba. A ɗaure su duk bayan santimita 45, da maɗauri na roba, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Inda za su ratsa katako ko ƙarfe a sa musu guntun tiyo. Kafin waya ta shiga akwati ko fitila, ka bar ta ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. Wayar famfo dole ta sauka ƙasa, amma mahaɗarta ta kasance sama da inda ruwa zai iya kaiwa. Idan famfon mai tashi da kansa ne, a ba shi layinsa kai tsaye daga batir da fiyus nasa, don ya yi aiki ko an kashe babban makunni jirgin yana ɗaure ana ruwan dare.

Batir ya zauna cikin akwati a ɗaure, kawunansa a rufe, da ƙofar iska a sama. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwantawa, don haka makunni da fiyus da inbata ba sa zama wuri ɗaya da tanki ko jarkoki. In za ka yi aiki, negatib ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Gwajin ƙarshe da mita ake yi, kuma kayan suna kunne, domin waya marar kaya ko ruɓaɓɓiya ce za ta nuna maka 12. Kunna fitilar goshi, auna a kan batir, sannan ka je ka auna a bakin fitilar. Bambancin kada ya wuce 0.36. In ya wuce, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Bar komai a kunne minti goma sha biyar, ka bi da bayan hannu kana taɓa kowane haɗi, duk wanda ya yi ɗumi a sake shi. Sannan a tayar da inji a zaga da jirgin, a dawo a sake ɗaure notunan. Kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta a buɗe akwatin a duba, inda aka ga kore-kore ko farin gari a kan zobe a yanke har inda ƙarfe ke ƙyalli, a sa sabon kai, a shafa masa ɗan man giris.